Babban Yatsan Maharazu

Ishaya ɗan ƙauyen Mabai ya kashe mutane da yawa, amma duk a takarda. Tun yana samari yake shirya wasan Kirsimeti a coci, kuma a hannunsa sojojin Sarki Hirudus masu kashe jarirai sun fi mala'iku samun aiki. Fasto ya yi faɗa har ya gaji. Da wayoyi suka shigo, sai Ishaya ya koma rubuta gajerun finafinai, a ɗauka a bayan gari, masu shagon caji su yi ta tura wa mutane daga Ƙanƙara har Sabuwa. Bindigar katako ce, jinin kuwa zoɓo ne da aka kaɗa da garin rogo.

Wanda ya fi shan kisa shi ne amininsa Maharazu, tela. Allah ya yi masa baiwar faɗuwa: ya zube, ya ƙafe ido, ƙuda ya sauka a leɓensa bai kula ba. Aibinsa ɗaya, babban yatsansa na ƙafa ba ya mutuwa. Gawa na kwance, yatsa na rawa.

"Kai wace irin gawa ce?" Ishaya kan daka masa tsawa. "Kashe mani yatsan nan!"

Uwar Maharazu, wadda kowa ke kira Dada, ta taɓa tare shi a ƙofar gida. "Ishaya, mi ɗana ya yi maka? Kullum kai ta kashe mani shi?"

"Dada, wasa ne," in ji shi, yana dariya.

Wata ranar kasuwa da hantsi Ishaya da Maharazu suka shiga motar haya za su Ruwan Godiya neman wurin ɗaukar fim. Ba su yi nisa ba 'yan bindiga a kan babura suka fito daga daji. Harsashin farko ya fasa kan direba, mota ta kife a kwalbati. Duk fasinjan da ya fito da gudu, sai a harbe shi a baya. Ishaya ya tsinci kansa kwance cikin jini mai ɗumi, yana jin ƙarninsa har maƙogwaro, abin da bai taɓa sawa a rubutu ba.

Kusa da shi ga Maharazu, ido a ƙafe, ya mutu mutuwar da ya fi iyawa. Wani mai rawani yana bin gawawwaki da adda, inda ya ga motsi ya ƙarasa. Ishaya ya dubi ƙafar amininsa. Takalmi ya fita, yatsa na rawa.

Tsoro ya kama shi kamar ya yi fitsari. Amma ya yi nishi da ƙarfi, ya mirgina ya danne ƙafar da cikinsa. Mai addar ya juyo. Ishaya ya kare wuyansa da hannun dama, sara biyu hannun ya rabu da shi, na uku ya sauka a kafaɗa. Ya suma a kan ƙafar, bai ɗaga ba.

Maharazu ne ya goya shi zuwa titi bayan sun tafi.

Yanzu Ishaya na zama a shagon ɗinki yana faɗin labarin fim, Maharazu na rubutawa. Masu kallo suna ta ƙorafi wai finafinan sun yi lami, ba a mutuwa. Maharazu da kansa ya roƙa a ba shi ko faɗuwa ɗaya, don ya yi kewar sana'arsa.

Ishaya ya dubi dungulmin hannunsa, ya ce, "Na kashe ka sau nawa ban biya komi ba. Sau guda na raya ka, ka ga abin da ya ci. Rubuta: sai ya tashi ya tahi gida wajen Dada."