Magatakardan da Jikana Ya Toshe wa Baki

A kan ƙofar kicin muka yi faɗa da jikana, wanda duk gidan ke kira Shiru-shiru. Na ce masa ƙofar tana kuka in an buɗe ta. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Kaka, in abu ya lalace ki faɗa min. Wanda bai lalace ba ki bar shi a cikinki." Na ce to, maigida. Sati uku ban ce masa uffan ba, har ƙofar ta ɓalle ta faɗo masa a ƙafa.

Haka Allah ya yi shi. Bai yi magana ba sai da ya shekara huɗu, uwarsa ta rasu ba ta ji muryarsa ba, ni na goya shi. Yana ɗan shekara tara ya kwance rediyona ya mayar, ƙusa biyu suka yi saura, ita kuwa ta ci gaba da zuba. Da ya girma ya zama mai rubuta manhaja a wani kamfani da ke kai wa mutane tukunyar gas har gida. A ɗakinsa yake aiki, daga shi sai kwamfuta da fanka mai karyayyen wuya.

A cikin manhajar akwai wani abu da suke kira log. Yadda ya taɓa kwatanta min, magatakarda ne da ke rubuta abin da ya faru a ciki. Ba kai kake ƙera shi ba, a shirye ake ɗauko shi, kai dai ka gaya masa abin da zai rubuta da inda zai ajiye. Yana iya rubuta raɗa, yana iya rubuta gargaɗi, yana iya yin gum sai abu ya fashe.

Wata safiya manajansa ya kira. Wayar a buɗe take ana jin muryar manajan, ina bakin ƙofa da kofin shayi. Mutane suna yin odar gas, odar tana ɓata a hanya, wata uku ke nan, yanzu manyan masu saye sun fara gudu.

"Sha biyu na rana," in ji manaja. "Ko ka kawo min dalili, ko ka kawo min kwamfutar kamfani."

Shiru-shiru ya buɗe littafin magatakardan. Fari fat. Ya shiga wajen saiti ya ce masa ya rubuta komai, har raɗa. Ya yi odar gwaji, ya koma ya duba. Fari fat. Ya ce ko wajen ajiyar ne ya cika. Bai cika ba. Ya ce ko an hana shi rubutu a wurin ne. Ba a hana ba. Ya sauya masa wajen ajiya, ya kashe ya kunna. Agogon bango ya buga goma, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, fanka tana ta hura wa bango iska.

"Maigida, shayinka ya zama ruwan wanka."

"Kaka, don Allah." Ya dafe kai. "Na gaya wa magatakardan nan, na sake gaya masa, ba ya ji."

"Ɗan aiken da ba ya jin maganarka, akwai wanda ya riga ka zuwa kunnensa."

Na faɗa ne don in tsokane shi, sai na ga ya daina motsi. Ashe wannan magatakarda wanda ya fara ba shi umarni shi yake bi, na biyu ko kallo bai ishe shi ba, kuma ba zai ce maka ya ƙi ba. Shiru-shiru ya hau bincike fayil bayan fayil. Sha ɗaya da kwata ya tarar da abin, a wani ɗan tsohon fayil da ke riga sauran tashi. Layi ɗaya ne: kada a rubuta komai sai abin da ya fashe. A gefensa akwai 'yar shaida da shi kansa ya bari shekara biyu da suka wuce: "Surutu ya yi yawa."

Ya goge layin, ya bar 'yar shaidar. Rubutu ya ɓalle kamar an buɗe famfo. Ya karanta a fili: "Gargaɗi. Adireshi ya yi tsawo, an jefar da oda." Duk wanda ya rubuta lambar gida kawai, gas ya iske shi. Duk wanda ya yi kwatance, bayan makaranta, kusa da mai walda, gida mai jar ƙofa, odarsa ta bi iska. Wanda kuwa ya yanka wa adireshi iyaka wata uku baya, ba kowa ba ne, shi ne.

Saura minti talatin. Ya gyara iyakar cikin minti biyar. Sai ya zauna yana kallon rubutun, yatsansa a kan maɓallin gogewa.

"In na ce matsalar sadarwa ce, babu wanda zai gane," ya ce, ba tare da ya dube ni ba.

Na ajiye kofin a kan teburinsa. Can ya janye yatsan, ya rufe kwamfutar da rubutun a ciki, ya zura ta a jaka. Takalmi ma sai da ya nema sau biyu, yana ƙafarsa.

A bakin ƙofa na tare shi na gyara masa wuyan riga. Na ce, "Kai wa manajan yadda yake, har da na gefen nan da ka rubuta. In ya bar ka, alhamdulillahi. In ya kore ka, ka biyo da ƙusa, ƙofar kicin ta fara kuka kuma."