Ranar da Na Wuce Taɓaryar Inna

Ko zan manta komai na zamana a Koona, ranar da yatsuna suka wuce taɓaryar Inna ba za ta fita daga raina ba.

Wani Buzu mai kiɗan biki a Tasawa ne ya koya mini jita. Ni kuwa akwai gaggawa, ban iya rarrafe ba ina neman gudu. Ya ce, "Sauri ya haifi nawa. Koma gida ka bi dakan mahaifiyarka. Duk saukar taɓarya ka taɓa tsirkiya sau ɗaya. In hannu ya zauna ka yi biyu, sannan huɗu. Kada ka riga ta."

Haka na yi. Kullum da hantsi in Inna ta kafa turmi, sai in ɗauko jita in zauna kusa. Dakanta ba ya gaba ba ya baya. Takan harare ni ta ce, "Wanga ɗa, noman hatsin ka gudu, amma rakiyar daka ba a barinka baya." Duk da haka, ran da na makara sai in tarar ta zuba hatsi a turmi tana 'yan kame-kame, ni take jira.

Wata safiya bayan kaka na ji ina cika huɗuna, har da ragowar wuri, taɓarya ba ta sauko ba. Murna ta kama ni. Na ce, "Inna, yau na wuce ki." Ta dogara da taɓarya tana haki, ta yi murmushi. "Madalla, ɗan nan. Ci gaba, ina saurare."

Ran kasuwa na je Tasawa na kaɗa wa malamina, ina jiran yabo. Ya saurara, sannan ya ce, "Gudunka na nan inda na san shi. Tafi ka duba mai dakan."

Ashe dakan Inna ne ya ragu, ta daɗe da ciwon ƙirji tana ɓoyewa. Ƙannena sun so su karɓi dakan ta hana, wai kada a ɓata mini koyo. Muka kai ta likita, amma ciwon ya riga ya ci jikinta. Ba ta ga damina ba.

Yau yatsuna suna gudu, har Mayahi ana kirana biki. Amma ko'ina na ji daka, sai hannuna ya mutu. A lokacin kullum ina zaune gabanta, amma kunnena na kan turmi, idona na kan tsirkiya. Abin da ranar ta koya mini shi ne, wanda kake auna ci gabanka da shi, ka riƙa ɗaga kai kana duban fuskarsa.