Ɗawisun da ya rasa jela

Da na san abin da ledar nan za ta jawo mini, da ko kallonta ban yi ba. Lokacin ana shirin bikin yayata, wadda za a kai Kabo, kowa a gidanmu ya samu abin da zai ba ta ban da ni. Ina zagaya rumfunan 'yan koli a kasuwar Gwarzo sai na hango wata leda a rataye, an manna mata hoton ɗawisu ya baza jela. Mai kolin ya ce kayan ɗinkin ado ne, ƙyalle da zare da allura duk suna ciki.

Na ce ya buɗe in gani. Ya ce, "'Yammata, ba a buɗewa sai an saya. Bin launi kawai za ki yi, ko jariri zai iya."

Na biya na karɓa. Kafin in isa gida na gama sanar da rabin unguwa cewa ni zan yi abin da zai fi komai kyau a ɗakin amarya. Har na sa Yaya ta yi alkawarin za a kafa mini ƙusa a bangon da ke kallon ƙofa.

Da na farke ledar, sai murnata ta koma ciki. Ƙyallen mai ramuka ne kamar rariya, an buga masa zanen tsuntsun ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo sai an rufe shi da zare biyu a gicciye. Ɗigon kuwa ya fi gero yawa. Allurar ba ta da tsini, kuma kafarta sai mai idon shaho. Koren zare kaɗai iri-iri ne, dukansu kuma kamar miyar kuka suke a idona. Ga wata takarda da rubutun wata ƙasa, wanda ko malamin Turancinmu ya juya ta sama da ƙasa ya miƙo mini.

Haka na duƙufa. Na daina zuwa tsokana gidan maƙwabta, har suka aiko a tambaya ko lafiya. Wuyana ya sandare, idona ya koma na mai yankan albasa. Na fara daga ƙafafu, na hau ciki, na yi wuya da kai. Jelar na bari sai ƙarshe, yadda nake ajiye nama sai na gama tuwo.

Ana cikin haka Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta zo daga Garo taya aikin biki da goyonta. Wata safiya aka aike ni kai niƙa, na bar ƙyallen a kan tabarma. Ɗan goyon ya rarrafo, ya zauna daidai kan ɗawisuna, ya saki fitsari.

Na dawo na tarar da Inna a tsugune gaban baho, ruwan ya koma shuɗi-shuɗi.

Na ce, "Inna, me kike wankewa?"

Ta ce, "Tsummanki. Najasa ce ta taɓa shi. Da so kike a rataya fitsari a ɗakin da za a riƙa salla?"

Ta ɗago shi tana matsewa. Fari fat. Ashe zanen da ruwa yake tafiya, wataƙila ma abin da takardar nan ke ta faɗa ke nan. Inda na ɗinke ya tsaya, jelar kuwa gaba ɗayanta ta bi rariyar tsakar gida.

Na kurma ihun da ya sa awakinmu suka tsinke igiya. Gwaggo ta leƙo ta duba, ta ce, "Ke kuwa meye na kuka? Ai zabuwar ta yi kyau."

Zabuwa! Na kalla da kyau, wallahi ba ta yi ƙarya ba. Zabuwa ce, figaggiya ma.

Ban haƙura ba. Na koma wurin mai kolin, ya ce ɗaya ce dama, kuma bai san inda ake samun zanen shi kaɗai ba. Na ɗora hoton ledar a cinya na gwada yin jelar da ka. Abin da ya fito tsintsiya ce. Na warware, na sake, na warware, har zaren ya yi gashi ya riƙa tsinkewa, ramukan ƙyallen suka buɗe baki. Ba inda ake sayar da irin zaren a Gwarzo. Wanda na samu na ɗinkin hula ne, yana ƙyalli, bai ko yi kama ba.

Ranar jere muka tafi Kabo da zabuwata a ƙunshe cikin mayafi. Ina shiga ɗakin na ga ƙusar, sabuwa, daidai inda na ce. Yaya ta cika alkawari. Mata suna ta jera kwanuka, wata ta ɗaga kai ta ce, "Wannan ƙusar fa, ta mece ce?"

Gwaggo ta ce, "Ta mai zabuwa ce. Ke, fito da ita mana."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Na ce na manta ta a gida, na ƙara matse mayafina a hammata.

Yaya ba ta taɓa tambayata ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na je gidanta da ƙaramar salla na sami ƙusar tana nan, an rataya mata faifai.