Saifata Ce Ta Kumbura

Assalamu alaikum, 'yan zauren karatunmu. Tun farkon damina ba ku ji ɗuriyata ba. Jiya na ga Nafisa ta tambaya ko wa ke da gajerun littattafai, shekara ta zo ƙarshe kuma ashirin ɗin da muka yi alkawarin karantawa ba su cika ba. Ina da su. Amma sai kun ji yadda na same su.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: da na fara ramewa, daɗi na ji.

A littattafan soyayya, yarinyar da ake so kullum siririya ce, ba ta son abinci, tana tagumi bakin taga. Ni ma sai in zauna gindin aduwar bayan gidanmu da zazzaɓi a jiki, ina ganin kamar wani abin alheri ne ke tafe. Shi ya sa na daɗe ban gaya wa Inna ba.

Da ta gane, aka sayo maganin maleriya. Na sha, zazzaɓin ya lafa, ya dawo. Hannuwana suka zama kamar kara, cikina kuma yana tasowa. Al'adata ta ɗauke.

Gwaggo Hajo, yayar Baba, ita ta fara kallona tun daga sama har ƙasa ranar da nake wanke-wanke. Ina ji ta ce wa Inna, "Ga abin da karatun waya ke haifarwa nan."

Baba bai doke ni ba. Ya karɓe wayata, ya daina amsa gaisuwata. Shugabar makarantarmu ta aiko a ce in zauna gida har al'amari ya bayyana. Ku kuma, da muke aji ɗaya, muke musayar littattafai, babu wadda ta leƙo. Na san an hana wasunku. Ba duka aka hana ba.

Ranar da haɓo ya ɓalle mini ya ƙi tsayawa, Inna ta sayar da tunkiyarta, ta ce ko da wa ko ba wa sai an kai ni mustashfa, wato asibiti. Daga Dinder aka tura mu Sinnar. Baba ya raka mu, Gwaggo ma ta biyo mu, wai tana so ta ji da kunnenta.

Gwajin ciki aka fara yi mini, don shi Gwaggo ta roƙa. Babu komai. Sai diktora, wata likita mace mai gilashi, ta danna ƙasan haƙarƙarina na hagu, na yi ƙara. Aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito ta dubi Baba ta ce, "Saifa ce ta kumbura. Kala-azar ne. Wata nawa kuka bar yarinyar nan haka?"

Gwaggo ta ce Allah ya sawwaƙe, ta tambayi ƙarfe nawa motar gida ke tashi.

Jinina ya yi ƙasa, Baba ne ya ba ni nasa. Maganin kyauta ne, amma kuɗin mota da gwaje-gwaje da abinci sun cinye tunkiyar kaf. Allura kowace safiya, mai zafin da har zama ke gagara. A kwance nake wuni. Matar da ke gadon kusa da ni an fita da ita a lulluɓe, na ce ni ce ta gaba.

A mako na biyu Baba ya ajiye wayar kusa da matashina ya ce, "Ga abinki." Iyakar haƙurin da aka ba ni ke nan, har yau.

Na buɗe dogon littafin da na bari a tsakiya, na kasa. Kaina ba ya riƙe sunaye, kuma ina tsoron in mutu ban ji ƙarshe ba. Sai na koma neman waɗanda za su ƙare tsakanin allurar safe da azahar.

To Nafisa, ga shawarata. Ki nemi littafin da mutanensa ba su fi yatsun hannu ba. Tarin gajerun labarai shi ma littafi ne, ki lissafa shi. Kada ki raina ƙananan littattafan Larabci na ƙannenki. Wata ma'aikaciyar jinya ta ara mini na 'yarta, sun fi wasu manya ma'ana. Ki guji wanda ake sakowa shafi-shafi, mai shi bai ma rubuta ƙarshensa ba. Wanda ya fi zauna mini a rai labarin wata yarinya ce da aka ce ta saci awarwaro, daga baya aka gan shi a cikin tulu. A can an taru an roƙe ta gafara. A nan na gane ƙagagge ne.

Ashirin ɗina sun cika, har da ɗoriya. Zan turo muku su yau.

Alhamdulillahi na warke, cikin ya saɓe. Na gode wa Inna da diktora, da Baba saboda jininsa. Ku kuma, zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ga rama, ga kumburi ta hagu, ku ce a gwada kala-azar. Wani ɗan ƙwaro da bai kai sauro ba ke kawo shi, ku riƙa kwana a gidan sauro. In kun ga cikin yarinya ya taso, ku kai ta a duba kafin ku kai ta bakin duniya.

Ranar sallama diktora ta rubuta wasiƙa zuwa ga shugabar makarantarmu. Tana cikin jakata tun lokacin. Na ƙi kai ta, don ina jin ciwon a ce sai takarda ta rantse za a yarda da ni, alhali ni na rantse ba a ji ba.

Amma jarrabawa ta matso, kuma ba Gwaggo ce za ta maimaita aji ba.

Gobe da safe zan kai ta da hannuna. Nafisa, ki janye jakarki daga kujerata.