Yadda Aka Matse Ni Cikin Hoton Fasfo

Ni tela ne. Na daɗe ina ɗinki a wata rumfa kusa da shingen kan iyaka a Jibiya, inda motoci ke tsayawa kafin su tsallaka Nijar. Lambobin da ke jikin tef ɗin awo na san su tun ina saurayi, amma karatun boko sai da furfura ta fito mini a gemu na shiga ajin yaƙi da jahilci. Muna zama bayan la'asar, mu goma sha wani abu, kowa ya matse gwiwoyinsa a kan bencin yaran firamare.

A shekarata ta biyu malamarmu ta ce za mu zauna jarrabawa, wanda ya ci a ba shi takardar shaida mai sunansa da hotonsa. Rajistar ta intanet ce, kuma za a rufe ranar Alhamis. Wanda bai shiga ba sai baɗi. Ta ba kowa 'yar takarda da aka rubuta awon hoton: faɗi kaza, tsawo kaza, nauyi kada ya wuce kaza. Ranar na fara jin cewa hoto yana da nauyi. Ban yi musu ba. Na ninke takardar na sa a aljihu, ina son wannan shaida fiye da yadda zan iya gaya wa mutanen gidana.

Mai hoto ɗaya ne a layinmu, kuma taubashina ne, ɗan ƙanin mahaifiyata. Ya yi wasu shekaru a Maraɗi, ya dawo da kwamfuta da ɗan Faransanci da yake yayyafawa a magana idan ya ga mutane sun taru. Tsakanin taubasai kuwa, kowa ya san dokar: duk abin da ya yi maka wasa ne, fushi haramun ne, sai dai ka rama. Tun muna yara kowannenmu ke cewa ɗayan bawansa ne, har yau ba a raba gardamar ba.

Ranar Litinin na shirya. Na sa babbar rigata mai aiki a ƙirji, wadda na zauna na yi wa aikin da hannuna wata uku, na kafa doguwar hulata ta zuwa ɗaurin aure.

"Bawana, ina za ka haka? Sarauta aka ba ka?" in ji shi.

"Hoto na zo ka yi mini. Ka wanke hannu kafin ka taɓa ni."

Ya tsayar da ni jikin farin ƙyalle. Na ce ya tabbatar hula ta fito duka, aikin riga ma ya fito har ƙasa. Ya ce ai haka yake wa kowa. Hoton ya fito a allon kwamfuta, dogo, kyakkyawa, ni kaina na yi wa kaina kwarjini. Sai ya karɓi takardar awon, ya buɗe wani ɗan akwati a allon, ya buga lambar faɗi, ya buga ta tsawo, ya danna.

Mutumin da ya bayyana ban san shi ba. Kamar an ɗora masa buhun gero a ka. Fuska ta baje kamar faranti, kunnuwa sun yi nisa da juna, doguwar hulata ta koma murfin kwano. Direbobi biyu da ke jiran a buga musu takardu suka yi dariya har ɗaya ya riƙe ciki.

"Wane ne wanga?" na tambaya.

"Kai ne mana. Kwamfuta ba ta ƙarya. Madubin gidanka ne ke jin kunyarka."

Na yi dariya tare da su, don haka doka ta ce. A raina na ce ya ci wannan, gobe zai fito da na gaskiyar.

Da yamma na kai wa malama hoton a waya, don ta ga irin taubashin da Allah ya haɗa ni da shi. Ta gwada tura shi, intanet ta karɓa nan take, awo ya yi daidai. Amma jami'in da aka turo ya tantance mu, wani mai tabarau, ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton.

"Baba, wa za ka sa ya rubuta maka jarrabawar?"

Na ce ni ne. Ya ce ko dai yayana ne da ya fi ni cin abinci. Ya soke. Malama ta ɗauke ni wani hoton da wayarta nan a bakin aji, wanda ya yi kama da ni sak. Wannan kuma intanet ta ƙi, wai awo bai yi ba. Na koma gida da hotuna biyu: wanda yake ni na'ura ba ta so, wanda na'ura ke so mutum ba ya so.

Talata na koma shagon da goro fari guda biyar, don taubashi idan ya riƙe maka abu, da ɗan abin baki ake kwance shi. Ya karɓa, ya yaba hankalina, ya ce yau bawa ya san ubangidansa. Ya zauna ya sake lambobin, ya rage ta faɗi sosai, ya ƙara ta tsawo. Na fito siriri kamar an zare ni ta ƙofar allura. Aka sake dariya. Na sake yin tawa, amma wannan karon ba ta kai ciki ba.

Ranar Laraba na zo da safe, na tarar yana fama da janareta, sai na zauna a benci ina jira. Ban taɓa zama a shagon na daɗe haka ba. Na ɗaga kai ina kallon hotunan da ya manna a bango don talla. Ga wani direban tirela da na ɗinka wa kaya shekara da shekaru, mutum mai doguwar fuska, a bango ya zama mai kumatu. Ga mai shayin bakin shinge, shi ma a baje. Ga wani ɗan Bugaje da ke kawo mini ɗinkin Sallah, a baje. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa jikin farin ƙyallen nan ya fito da faffaɗar fuska, kuma babu taubashinsa ko ɗaya a cikinsu. Da waɗannan hotunan suke yawo a katunansu, su nuna a wannan shinge, su nuna a wancan. Ina jin ma'aikatan ɓangarorin biyu sun daɗe da yanke cewa haka Allah ya halicci mutanen layinmu.

Nan na gane. Ba wasa yake mini ba. Iyakar iyawarsa ke nan, kuma na ɓata kwana biyu ina dariya.

Matsalar ita ce ba a yi wa taubashi maganar gaske. In na ce masa bai iya ba, zai ɗauka tsokana ce, ya rama, a yi dariya, Alhamis ta zo. In kuma na ɗaure fuska, ni ne na karya doka, har gida za a kai maganar. Saboda haka da janareta ya tashi, na zaro tef daga wuyana na ɗora a kan allon kwamfutar.

"Mi kake yi? Riga za ka ɗinka mata?"

"Zan koya wa bawana aiki ne. Buɗe hoton farko."

Ya buɗe. Na auna: tsawonsa ya kusa ninka faɗinsa. Na nuna masa lambobin takarda, waɗanda tsawo kaɗan ya ɗara faɗi.

"In mutum ya kawo yadi ya yi masa yawa, rage yadin nake, ba na danne mutumin. Ba ka da almakashi cikin wannan abin?"

Ya dubi ƙofa, ya ga babu kowa.

"Akwai," ya ce, ya nuna wata 'yar alama a gefe. "Farkon buɗe shago da shi nake aiki. Na yanke wa wani Alhaji hula da aikin riga, ya ce na mai da shi ɗan makaranta, saura kaɗan ya fasa mini allo. Kowa ya zo sai ya ce hula ta fito, riga ta fito. Kai ma haka ka ce. To ina zan zuba su in ban danna ba?"

Gaskiya ya faɗa.

Muka zauna kafaɗa da kafaɗa. Ya jawo layuka huɗu suka kewaye fuskata, ni ina riƙe da tef ina faɗa masa ya matso ko ya ja baya, shi yana cewa santimita, ni ina cewa inci, kwamfutar kuma tana nata lissafin da ba na kowa ba. Tsakanin lambar faɗi da ta tsawo na hango wata alama kamar sarƙa a tsinke. Na ce ya taɓa ta. Da ya taɓa ta haɗe, daga nan in ya rage faɗi sai tsawo ya ragu da kansa. Ya ce ai ya san da ita, gwada ni yake. Na ce na sani.

Sai aka zo wurin yanka. Layin ƙasa ya tsaya a wuyana, aikin wata uku duk yana waje. Layin sama ya ratsa hulata ta tsakiya.

"In danna?" ya tambaya. Wannan karon babu tsokana a muryarsa.

Na daɗe ina kallon aikin rigar. Sannan na ce ya danna.

Abin da ya rage kai ne da wuya da rabin hula, amma ni ne. Ranar Alhamis kafin azahar intanet ta karɓa, mai tabarau ya duba sau ɗaya ya sa hannu, malama ta miƙo mini biro na rubuta sunana da kaina a ƙasan fom, a hankali, ba tare da na tsallake layi ba.

Da na biya ta shagon in gaya masa, na tarar da rigima. Direban tirelar nan ne ya zo sabunta hoto, taubashina ya yi masa sabon aiki, fuska daidai, komai daidai. Mutumin ya ƙi karɓa.

"Duk takarduna da waccan fuskar suke," yake cewa. "In na kai wannan, kwastan ɗin Nijar za su ce ba ni ba ne. Ka mayar mini da kumatuna."

Taubashina ya dube ni, na dubi tef ɗina. Ya tsinke sarƙar, ya buga lambobin, ya danna.