Ni Ne Gawar da Aka Nuna a Majigi

Malam Edita, ina gaisuwa, a kuma yi haƙuri da rubutuna. Aji uku na yi a elementare, malamin lissafi ya ce ko ni ko shi, da na ga shi yana da iyali sai na bar masa makarantar. Jikana ya so ya gyara mini wasiƙar nan na hana, don in yaran yanzu suka fara gyara sai sun gyara har da gaskiyar.

Lokacin da zan ba ka labari Turawa ba su tafi ba tukuna, saura 'yan shekaru. Ni kuwa sabon magidanci ne a Haɗeja, masunci ɗan masunci. In ruwa ya cika in yi fito da kwalekwale, in ya janye in kwanta a kan gora in bi fadama da koma, wato ragar kamun kifi. Allah ya ba ni dogon wuya da faffaɗan kunne da bakin da ba ya rufuwa, ko gaisuwar mutuwa na je sai an sami wanda ya ƙunshe dariya. Matata 'yar Guri ce, bazawara na auro ta. Mijinta na fari ruwa ya ci shi, 'yarta guda ɗaya kuma agana ta ɗauke ta tana shekara uku. Agana ita ce cutar nan mai ƙuraje da yaran yanzu ba su taɓa gani ba, su gode wa Allah. Ita ma matar tawa ta bar mata zanzana a kumatu. Bandar kifi take yi, kuma in ta ɗaga murya a bakin kogi har na tsallake sai ya waiwayo.

Wani rani sai ga Turawa biyu da tafinta da wani akwati mai ƙafa uku. Wai majigi za su ɗauka don mutane su daina gudun masu lamba, wato masu tsaga damtse su sa maganin agana. Ni na ƙetarar da su, na zuba musu Turancina gaba ɗaya, bai kai mu tsakiyar kogi ba ya ƙare. Babban ya yi ta kallon wuyana, ya ce ya sami mijin da yake nema. Saura mata. Kwana huɗu suna yawo, babu macen da ta yarda. Ran na biyar muna zaune a gindin tsamiya sai ga matata da kwando a ka, ta tsaya a kaina tana tambaya ko Nasara ne zai ba ta kifin da za ta banda, ko kuwa na koma ɗan sandan kwalekwale ne. Baturen bai ji Hausa ba, amma ya tuɓe malafa ya nuna ta da ita. Ni na amsa kafin ta amsa, saboda son a sani. Da tafinta ya gaya mata a kan agana ne, sai ta sauke kwandon ta ce in dai wannan ce, ko a gaban Gwamna ta yi.

Labarin ba wani labari ba ne. Miji matsoraci, mata mai hankali. Masu lamba suna shigowa gari in faɗa rumbu ƙafafuna a waje, ta jawo ni. In hau gora in nufi tsakiyar ruwa, ta maƙalo ni da ƙugiya ta wando. Ita ta miƙa damtse a yi mata, ni in tsere. Daga nan cutar ta kama ni, aka ɗiɗɗiga mini kullun dawa a fuska, na yi ta shure-shure, na mutu. Aka naɗe ni a tabarma, aka ce da ita ta ɗan yi kuka kaɗan. Ina ciki zafi ya dame ni, ga cinnaka a wando, ina jira ta ƙwalla ihu a gama. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna ta buɗe fuskata tana kore mini ƙuda a hankali, tana gyara bakin tabarmar kamar mai lulluɓe yaro. Can sai na ji tana kuka ƙasa-ƙasa, ta kifa kai a ƙirjina ta kira sunan 'yarta, sau uku. Majigin wancan zamani ba ya ɗaukar murya. Duk duniya ni kaɗai na ji sunan. Ka riƙe wannan, Malam Edita, don a nan laifina yake.

Sai da shekara ta zagayo motar majigi ta zo Haɗeja. Aka kafa farin ƙyalle a filin kasuwa bayan magariba, yara a ƙasa, mata a gefe, maza a tsaye a baya, mai bayani yana ta zuba ta lasifika. Da ƙafafuna suka fito daga rumbu filin ya kece. Wata tsohuwa ta miƙe tana nuna wa masu lamban cikin ƙyalle da sanda, tana ce musu ga shi can, ku makafi ne. Ladanin unguwarmu ya yi dariya har ya zauna a kan tiren mai gyaɗa. Abokaina suka ɗaga ni sama suna cewa a ga wuyan a fili. Amma da aka zo wurin tabarma, sai ka ji ƙarar inji kawai. Daga ɓangaren mata aka fara salati, kuka ya bi layi kamar wutar kara, don babu gidan da agana ba ta taɓa shiga ba. Na ga dogari yana share ido da bakin rawani. Wani mahauci ya cire takalmi ya jefi gawata a jikin ƙyalle, yana cewa kai ka jawo mata, ragon banza, alhali ina tsaye a bayansa. Washegari layin lamba ya kai bakin masallaci. Da hantsi kuma wasu dattawa biyu daga Kaugama suka yi sallama gidanmu gaisuwar mutuwa, suka tarar da ni ina cin ɗumame. Ɗayan ya dube ni ya dube ni, ya ce to ai sun riga sun zo, sai in karɓa.

Kwana uku ana yabon matata. Ran na huɗu magana ta juya. A bakin rijiya aka fara, cewa mace ba ta yi wa miji mai rai irin wannan kuka sai in ta hango wani abu. Aka tuno mijinta na fari. Aka ce farar ƙafa gare ta, ta cinye ɗaya, ta riga ta yi kukan na biyu, jiran lokaci kawai ake. Waɗanda suka fi kowa hawaye a filin su suka fi kowa baki. Inna, mahaifiyata, ta kira ni ta ce ita ba ta haife ni don a yi mata gwajin makokina tana raye ba. Baffana ya ce in sawwaƙe wa yarinyar mutane tun da girma. Na yi dariya na ce wanda ya mutu sau ɗaya ya saba. Zan iya buɗe baki in ce ba ni take wa kuka ba, 'yarta ce, na ji da kunnena. Ban faɗa ba. Ka san me ya sa? Daɗi nake ji gari ya ɗauka ni ne namijin da ake wa irin wannan kuka.

Da damina ta faɗi sauro ya yi mana sallama, zazzaɓi ya kayar da ni. Kwana shida ina karkarwa. Ran na shida na ga ƙuraje uku a hannuna, waɗanda yanzu na san cizon sauro ne, ga kuma tabon lamba a damtsena. Amma tsoro ba ya duba damtse. Inna tana zaune a kaina tana kuka, Baffa ya shigo da takarda da alƙalami ya ce tun da ni ɗan boko ne ba sai an nemo malam ba. Na rubuta saki ɗaya da hannuna. Aji ukun nan nawa, babban aikin da ya taɓa yi mini ke nan. Ita tana tsakar gida tana dama mini kunu. Aka kai mata, ta sa aka karanta, ta gama damun, ta shigo ta ajiye kwanon a gefena ta ce in sha da zafinsa. Ba ta yi hawaye ko ɗigo ba. Bayan kwana biyu na miƙe garau, yadda kowane zazzaɓi yake sakin mutum, gari kuwa ya ce kun gani ko.

Barkar da aka yi ta yi mini ce ta fi ciwon zafi. Duk wanda ya kama hannuna ya ce na tsallake, sai in ji kamar ya shafa mini kashin kifi. Mako shida ina wannan hali. Sannan na tura kwalekwale na nufi Guri, Inna tana kira ban waiwaya ba. Gwaggon matata ce ta tare ni a zaure. Ta ce lale da marigayi, yaya mutanen can, an ba ka hutu ne? Na durƙusa na ce biko na zo, idda ba ta cika ba, na mai da matata. Matar tawa ta fito da tsintsiya a hannu ta ce ta sani, shari'a ta ba ni wannan, amma shari'a ba ta ce ta shiga kwalekwale ba. Ta ce a bakin gari na sake ta, a bakin gari zan mai da ta. Ran kasuwa motar majigi za ta zo Guri. In na isa namiji in tsaya a gaban ƙyalle in gaya wa mutanenta wanda ta yi wa kuka, ta ba ni izini, in kuma faɗi abin da ya sa na rubuta takarda. In ba zan iya ba, ruwa bai janye ba tukuna, in koma tun da rana.

Na kwana uku a zauren Gwaggo ina cin tuwo da gori. Ran kasuwa aka nuna majigin, aka yi dariyar, aka yi kukan. Ana kunna fitila na fita na tsaya. Yaran gaba suka watse da gudu, wata mata ta zubar da ƙwaryar fura. Na ce jama'a ni ne gawar, ban mutu ba, ba ni da niyya kuma. Na ce kukan da kuka gani ba nawa ba ne, ban kai a yi mini shi ba. Na 'yar matata ne, wadda ku mutanen Guri kuka binne da hannunku. Na ji ta kira sunanta, na ɓoye saboda son girma, na bari aka ce mata mai farar ƙafa, sannan na sake ta saboda cizon sauro. Wata tsohuwa daga cikin mata ta ce ita ta yi wa yarinyar wanka, kuma ran nan uwar ba ta iya kuka ba, ashe ajiye shi ta yi. Daga baya can wani ya ɗaga murya ya ce shi dai bai taɓa ganin gawa ta zo biko ba, a ba shi matarsa kafin ya ruɓe. Aka fashe da dariya, masu hawaye ma suna yi. Matata ta tashi ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba, ta ce in je in kwarfe ruwan kwalekwale, ba za ta zauna a jiƙa ba.

Abin da ya sa na tono wannan, bana jikana ya je neman aure aka ce ba za a ba jikan 'yar majigi ba. To ina so a buga, su karanta ko a karanta musu. Ban yi nadamar majigi ba, ko yau aka kawo rumbu zan shiga, sai dai a taimaka mini da ƙafa. Matata ba ta yi abin kunya ba, ni na yi, kuma ba a jikin ƙyalle na yi shi ba, a ɗakina na yi. Masu cewa ba zan ga kakar shekarar ba, dukansu da ni aka ɗauki makararsu. Gargaɗina ga maza shi ne, taron da ya yi kuka da kai yau shi zai ci namanka jibi, ba don mugunta ba, don dai an gama kukan ne babu abin yi. In ka san gaskiyar da za ta wanke iyalinka ka faɗe ta tun ranar farko, ko da za ta rage maka tsawo. Kada kuma ka yanke komai kana kwance da zazzaɓi.

Ta yafe mini, mun haifi bakwai, amma ba ta manta ba. Har ta koma ga Allah, in na ce kaina yana ciwo sai ta shigo ta kwashe alƙalami da duk wata takarda da ke ɗakin, ta kai ɗakinta ta kulle, sannan ta ɗora kunu. Yau shekara tara babu mai ɓoye mini alƙalami, shi ya sa ka ga wannan wasiƙa.