Sharu da Keken Husain

Tun kafin a zuba kwalta a hanyar kasuwar riɗi ta Gadarif, Sharu yake gyaran keke a gindin wata darbejiya. Faci, birki, miƙar da wili, duk ya iya. Keke mai giya ne bai taɓa yarda da shi ba. Idan aka kawo masa wanda sarƙarsa ke tsallake haƙoran baya, maganinsa ɗaya: ya cire giyar, ya rage sarƙa, keke ya koma gudu ɗaya.

Husain mai madara abokinsa ne tun suna girbin dawa a gonakin Showak. Kullum in ya gama rabon madara, nan yake tsayawa su sha jabana, kahawar nan mai citta. Da gwiwa ta fara damunsa, surukinsa ya kawo masa keke mai giya daga Gallabat. Damina ta zo, baƙar lakar garin ta shiga ko'ina, giyar baya ta ƙi hawa ta ƙi sauka.

"Kawo in yanke," in ji Sharu.

"Ya zol, mutumina, gwiwata fa? Kai komai yanka, kamar mahauci."

Husain ya kai keken wajen Tesfay, wani ɗan Habasha da ya baro sansanin 'yan gudun hijira na Um Rakuba ya kafa rumfa a tsallaken titi. Sharu yana hango su. Tesfay ya miƙar da ƙarfen da giyar ke rataye a kai, ya zare wayar ya wanke ta, ya murɗa wani ɗan sukuru. Sarƙa ta riƙa hawa tana sauka lafiya. Husain ya yi dariyar da Sharu ya daɗe bai ji ba.

Bai daina zuwa shan jabana ba, amma hirar ta koma Tesfay. Hannun Tesfay, kunnen Tesfay. Sharu ya daina jin daɗin kahawar.

Wata safiya Husain ya bar wa Sharu keken don ya ƙara wa taya iska, ya shiga kasuwa. Sharu ya buga iskar. Ya daɗe a tsugune yana kallon ɗan sukurun nan, sannan ya murɗa shi. So yake a ce aikin Bahabashe ba ya ƙarko.

A kan tudun unguwarsu sarƙar ta faɗa cikin wili. Husain ya faɗi, madara ta tsiyaye, gwiwar ta kumbura. Da Tesfay ya duba, abin da ya ce kawai shi ne an taɓa sukurun. Bai ambaci kowa ba, Husain ma bai tambaya ba. Ya san inda keken ya tsaya.

Yanzu Husain ya warke. Yakan wuce ta gaban darbejiyar, ya ce, "Salamu alaikum, Malam Sharu," bai rage gudu ba. A da Sharu kawai yake ce masa.